Sunan Yaya a Gefen Layi

Rigimar Dogo da yayansa a kan kalma ɗaya ce, kalmar da ko kwamfutar da suke yi wa aiki ba ta damu da ita ba. Su biyun masu rubuta manhaja ne a kamfani ɗaya, tebur na kallon tebur. A irin aikinsu, in kana rubutu a cikin wani sashe kuma kana son kiran wani abu na sashen, kana iya sa masa kalmar Turanci "this", wato "wannan", da ɗigo a gaba, kana iya barinsa haka nan. A wurin na'ura duk ɗaya ne.

Dogo yana sawa. Ya ce da kallo ɗaya mai karatu zai bambance ɗan gida da baƙo. Yaya ba ya sawa.

"Kai in ka shiga ɗakinka," in ji Yaya, "cewa kake yi ga gadona, ga filona, ga takalmina? Wa ya yi maka gardama?"

Sun yi musun a ofis, sun yi shi a mota, sun yi shi a gidan mahaifiyarsu har ta hana ambaton kalmar a gaban abinci, ba tare da ta san ko mece ce ba.

Bara Yaya ya rasu bayan gajeriyar jinya. Aka ba wani teburinsa, aka ɗauke kofinsa. Sai dai ma'ajiyar aikin kamfanin tana nuna sunan wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe, a gefen layin. Don haka kullum da safe Dogo kan buɗe wani tsohon fayil da Yaya ya rubuta, ya ga sunansa a jere daga sama har ƙasa, babu "this" ko ɗaya. Ya karanta, ya ja tsaki, ya ce, "Dubi nan ma." Sannan ya kama aiki. Kewar ɗan'uwansa yake yi, kuma nan ne kaɗai yake samunsa.

Wata rana Manaja ya tara ma'aikata ya ce ya gaji da rubutu kala biyu, a tsayar da doka ɗaya. Dogo bai tsaya tunani ba. Ya miƙe ya zazzage hujjojin da ya daɗe yana wasawa, yana yi yana dakatawa a wuraren da aka saba katse shi. Ba wanda ya katse shi. Kowa ya ɗaga hannu, aka ce a bi duk tsofaffin fayiloli a sa kalmar.

Sai da ya zauna cin abincin rana, cokali na hanyar baki, lissafin ya zo masa. Sa kalma a layi taɓa layi ne. Layin da aka taɓa kuwa, sunan gefensa canzawa yake yi.

Ya bar abincin ya nufi ofishin Manaja.

"Oga, na sake tunani. Kalmar nan cika ido kawai take yi."

Manaja ya cire tabarau ya dube shi. "Dogo, lafiyarka ƙalau? Kai da ka cinye mana kunne a kanta?"

"Mutum yana iya kuskure, Oga."

"To, je ka ga Uwar Tsafta, ita na ba aikin. Na ce mata ba gaggawa."

Uwar Tsafta abokiyar aikinsu ce da ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce, kuma a wurinta "ba gaggawa" na nufin kafin shayinta ya huce. Ya same ta tana murmushi.

"Angon nasara! An gama. Na'ura na sa ta bi su duka. Kuma da sunanka na shigar, tunda kai ka yi yaƙin. Ba zan ci guminka ba."

Dogo ya ce ya gode. Ya koma teburinsa ya buɗe fayil ɗin nan. Rubutu ya fito tsaf, ɗan gida daban, baƙo daban, yadda ya sha faɗa. Ya san in ya so zai iya tono tsohon tarihi ya ga sunan, amma wanda ka tono ba kamar wanda ka tarar yana jiranka ba ne. Ya gangara ƙasan fayil ɗin a hankali yana duba sunan gefen layi. Dogo, Dogo, Dogo.

Uwar Tsafta ta leƙo ta saman kafaɗarsa, kofi a hannu.

"Duba da kyau, akwai wanda na tsallake?"

"Babu," in ji Dogo. "Ba ki bar ko ɗaya ba."