Yunwar Awa Goma Sha Shida

Shekara tara ina kiwon ƙwayoyin halitta a ɗakin binciken Farfesa. Ni ke canza musu ruwan abinci, ni ke duba ɗumin akwatin da suke kwana. Raino ne sosai, sai dai 'ya'yan nawa sai da madubin ƙara girma ake ganinsu.

A jikin kowace ƙwaya akwai 'yan ƙofofi da kalsiyam ke bi ya shiga. Farfesa yana so ya nuna cewa sinadarin girma ne ke sa su buɗe. In sun buɗe, ƙwayar sai ta yi kore shar a allon kwamfuta, saboda rinin da muke sa mata. Wata takwas ɗalibinsa, Dogo, yana ɗiga sinadarin, allo baƙi ƙirin.

Ni na gano matsalar. Ruwan jinin da muke zubawa a abincinsu cike yake da irin wannan sinadari. Ƙwayoyi sun ƙoshi, to me zai burge su? Na janye musu shi awa goma sha shida, na ce Dogo ya ɗiga. Wallahi allon ya haska har sai da Dogo ya saki bututun ɗigawar da ke hannunsa.

Farfesa ya shigo yana haki. "Malama, kin fitar da mu kunya! Sunanki ne na biyu a takardar nan."

Ba don kwalliya nake so ba. Ba a ƙara wa irina matsayi sai da suna a takardar bincike ko da guda ce, ni kuwa saura shekara uku in yi ritaya.

Ranar da mujallar ta iso na ƙirga sunaye biyar. Farfesa, Dogo, shugaban sashe wanda ko makunnin fitilar ɗakin bai sani ba, sai wasu biyu da suka taɓa aiko mana kwalba ɗaya tal. Na juya shafin godiya. An gode wa mai gyaran madubi.

Na same shi a ofis. "Ranka ya daɗe, ban ga sunana ba."

"Haba Malama, ai mujallar sai masu babban digiri. Ladanki yana wurin Allah." Ya miƙo mini shafin farko, har an sa shi a gilashi. "Yauwa, tunda kin zo, samo ƙusa ki rataya mana a bakin ƙofa. Ki duba kar ya karkace."

Na samo ƙusa na rataya shi. Sau biyu na doke yatsana da guduma. Amma bai karkace ba.