A Ƙarƙashin Bargon Salmanu

Tun da 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu Andrawus, can wajen Randagi, mutane suka daina kwana a gida. Rana na faɗuwa sai a sulale zuwa maɓoya a daji. Dokar wurin ɗaya ce: ba haske, ba ƙara.

'Yarsa Praise kuwa duhu ne ba ta so. Da ya rufa sai ta fasa ihu. Ba abin da ke rufe mata baki sai wani tsohon gem na hannu da kawunta ya aiko daga Kaduna, shi kuma gilashinsa ba ya da haske, ba a ganin komai da dare. Har mai unguwa Abarshi ya ja Andrawus gefe ya ce, in ta sake, su nemi wani wurin kwana.

Shi ya sa ranar kasuwa ya shigo Birnin Gwari, shagon Salmanu mai kayan waya.

Salmanu ya fito da 'yan fitilu biyu masu maƙalawa a saman gem. "Wannan fara ce tas, kamar ta tiyata. Wannan kuwa ja-ja, kamar idon mashayi. Ɗauki farar, Oga."

"Ni wadda ba a gani nake so."

"Fitilar da ba a gani? To ka sayi duhu mana, kyauta ne!"

Andrawus bai yi dariya ba. Ya roƙi aron bargo, ya tsugunna a lungu ya lulluɓa, yadda Praise za ta yi. "Duba ta waje, Malam. Hasken yana fita?"

"Farar kam, har daga garin Gayam za a hango ka."

Ya canza. Jar ta haska gilashin daidai, 'yan dodannin cikin gem ɗin suna tsalle, Salmanu kuma ya ce wannan ba ta fita waje. Daɗi ya kama shi, bakinsa ya saku. Da ya ji an tambaya, "Wai ina kuke kwana da ake tsoron haske haka?" sai ya amsa daga cikin bargon.

"Kwarin da ke bayan tsohon ramin zinariya. Mu duka, har mata."

Sai a lokacin ya lura muryar ba ta Salmanu ba ce.

Ya yaye bargon. Wani dogon mutum ne ke fita, da leda cike da batura da caja. Ya hau babur, bai waiwayo ba.

"Wane ne?"

Salmanu ya shiga goge teburin da ba ƙura. "Mai saye ne. Ban san shi ba. Kuma ban ji komai ba."

Andrawus ya sayi jar. A hanya yana ta juya maganar. Wataƙila dogon nan mai shago ne daga wani ƙauye, bawan Allah. Wataƙila kuma ɗan aiken 'yan bindiga ne. In ya yi shiru, 'yarsa za ta kwana cikin jama'a. In ya faɗa, yau za a kore su, ba don kukanta ba, don bakinsa.

Ya iso da la'asar, mata sun fara naɗe tabarmi. Praise ta rugo, ya miƙa mata gem ɗin, ya wuce inda Abarshi ke alwala. Ya durƙusa a gabansa.

"Baba," ya ce, "kada kowa ya je kwarin nan yau."