Idon 'Yar Tsana

"Kyautarta ba za ta shigo ɗakin nan ba, ko da zinare ta ɗinka ta."

Direba na zaune a bakin gado yana kwance igiyar takalmi. Abin da ya faɗa bai taka kara ya karya ba. Cewa kawai ya yi Inna Mai Keke, tsohuwar telar da ke ɗakin ƙasa, ta tare shi a gindin matakala tana tambayar wane launi Tsako ta fi so yanzu, tunda ranar Asabar yarinyar za ta cika shekara uku. Kafin ya rufe baki matarsa ta dire bokitin wanki.

Ya ce ai tsohuwa ce, ba ta da kowa, a yi haƙuri. Ta ce ita ma 'ya ɗaya gare ta, ba ta da wata a ajiye.

"Kai ba ka ga fuskarta ba ranar, Baban Tsako. Kana can kana tuƙi. Ni na gani."

Ya koma kan igiyar takalminsa. A nan gardamar take mutuwa kullum.

Tsako dai Inna ce ta laƙaba mata sunan, don tun tana rarrafe duk abin da ta tsinta sai ta kai baki. A gindin keken ɗinkin tsohuwar ta koyi tsayuwa. Inna na kiran ta ƙawata, ita kuma tana amsawa da ƙarfi kamar sa'arta. Bara da ta cika shekara biyu, Inna ta haɗa ragowar yadi ta ɗinka mata 'yar tsana, ta cusa auduga, ta sa mata baƙaƙen maɓallai biyu masu ɗigon ja a tsakiya a matsayin idanu. Yarinyar ba ta barci sai da ita.

Da damina abin ya faru. Uwar na shanya a baranda ta ji shirun ya yi yawa, ta leƙo ta tarar da Tsako a ƙasa, idanu waje, ba kuka ba numfashi. Ta kifa ta a cinya tana bubbuga bayanta har maɓalli ya faɗo. Da ta ɗago 'yar tsanar, babu ido ko ɗaya. A ranar ta sauka ta jefa 'yar tsanar a kan keken Inna, ta faɗi abin da ta faɗa a gaban masu karɓar ɗinki. Tsohuwar ta ɗauke ta ta ajiye a gefe. Tun daga nan aka hana Tsako sauka.

Ido na biyun ne ya hana uwar sakat. Ta ɗage katifa, ta share ƙarƙashin gado, ta zazzage kwandon shara. Ta yi kwanaki tana duba fo ɗin yarinyar, tana tsoron ko ta haɗiye.

Idon yana ƙirjin Direba.

Da safiyar ranar ya makara, maɓallin rigar aikinsa ya tsinke, kuma manajansu mutum ne da ke mayar da direba gida a kan maɓalli ɗaya. Matarsa na wanka. Ya ga 'yar tsana a kan gado, ya sa reza ya yanko ido ɗaya, ya ɗaure a rigarsa da ɗinkin da bai iya ba, ya fice. Bai san zare ɗaya ne ya ratsa kan 'yar tsanar ya riƙe idanun biyu ba. Da ya yanke, ɗayan ya saki.

Ya so ya faɗa a daren. Ya ga yadda ran matarsa ya ɓaci, ya ce sai ta huce. Da ta huce, ya ce an riga an wuce wurin. Laifi tudu ne, sai dai shi nasa ya taka bai ko hango na wani ba, ya bar tsohuwa ɗauke da shi.

Ranar Talata ya tashi aiki ya biya shagon kayan wasan yara. Matarsa ta ba shi sharuɗɗa: ban da mai ƙananan ƙafafu, ban da mai batir, ban da mai gashin da ke zuba, ban da duk abin da zai shiga bakin yaro. Ya tsaya a gaban kanta yana ɗaga mota yana jan tayarta, yana ɗaga zomon roba yana ƙwaƙular idonsa da farce.

"Malam, saya za ka yi ko fiɗa?" in ji mai shagon.

Ya tambayi shekarun yaron, ya nuna masa ganga. Direba ya ce maƙwabta za su kore su. Ya nuna masa fensiran launi, Direba ya ce za ta cinye. Mai shago ya yi dariya ya ce to wannan ba kyauta take buƙata ba, takunkumi take buƙata. A ƙarshe ya fito da manyan tubalan roba, kowanne ya fi dunƙulen hannun babba. Ba abin da zai ɓalle a jikinsu. Ba kuma abin da yaro zai runguma ya yi barci.

Ya so ya wuce ɗakin ƙasa da sanɗa, amma ƙofar a buɗe take, keken na ƙara, sai ya tsaya.

"Ɗana, shigo."

Ɗakin na warin man keke da sabon yadi. Inna ta rame. Ƙafafunta sun kumbura har silifas ɗin ya ƙi shiga, ta ɗora su haka a kan matakin keken. Ta tambayi ƙawarta: ta daina tsoron kyanwar maƙwabta? Haƙoran ciki sun gama fitowa? Ta ce tana jin gudunta ta saman rufi, da haka take sanin ta tashi lafiya. Ya ce mata rawaya yarinyar take so yanzu, har kofin shan ruwanta sai rawaya. Sannan ya lalubo bakinsa ya ce, amma Inna kada ki wahalar da kanki, uwar ba ta...

"Na sani," ta ce. "Uwa ce. Da ni ce da na fi ta faɗa."

Ta ɗaga tabarau ta dube shi, ba a fuska ba, a ƙirji.

"Matso. Wannan zai faɗi."

Ya matsa. Ta zaro allura daga gefen mayafinta, ta ɗan sha wahala kafin zaren ya shiga, ta kama maɓallin da yatsu biyu. Ta juya shi zuwa hasken taga. Ɗigon jan ya fito sarai. Ta daɗe tana kallo. Yana jin numfashinta yana fita da ƙyar kamar iskar tsohuwar taya.

Ta tsinke ɗinkinsa, ta sake sabo. Allurar na shiga tana fita dab da fatarsa, bai motsa ba. Ta naɗe zaren a gindin maɓallin, ta ƙulle, ta sa haƙori ta gutsure.

"Wanda ya ɗinka maka na farko bai iya ba," ta ce. "Yanzu ko rigar ta mutu, shi yana nan. Ba mai tsintar sa a ƙasa."

"Inna..."

"Je ka, ana jiran ka. Rawaya ka ce ko?"

Ya hau matakala da ledar tubala a hannu, maɓallin na ƙona shi. Ya ƙudura a ransa yau zai faɗa. Ya tarar matarsa na dariya, Tsako ta sa takalmansa tana jan ƙafa a tsakar ɗaki. Ya ce gobe. Ranar Laraba ya dawo a gajiye. Ranar Alhamis ƙanwar matarsa ta zo ta wuni. Duk wucewar da zai yi keken na ƙara, yakan sassauta taku, ya wuce bai yi sallama ba.

Ranar Juma'a da safe ƙofar a rufe take, keken shiru. Ya ji wani sanyi a ransa, don yau ba sai ya yi sanɗa ba. Wannan sanyin shi ne abin da ya kasa yafe wa kansa daga baya.

Wata mai karɓar ɗinki ce ta ƙwanƙwasa har ta gaji, ta kira mai gidan hayar, aka ɓalle ƙofa. A kujerarta suka sami Inna, kanta a jingine da bango, tabarau a hanci. Likita ya ce zuciya ce, kuma tun asuba. Kafin Direba ya dawo daga aiki wani ɗan ƙanen Inna ya zo daga nesa, an kai ta makwancinta. Takalman mata kawai ya tarar a ƙofar ɗakin.

Matarsa na ciki. Ita ta ce za ta taya ɗan ƙanen ware ɗinkunan mutane, don ta san na kowa a gidan. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ta tana ninke riguna, fuskarta a ɗaure. Ta ɗaga wani zane daga kan keken, sai hannunta ya tsaya.

'Yar tsanar nan ce ta da, an wanke ta an sake cusa mata auduga, an yi mata riga rawaya. Idon dama da baƙin zare aka saƙa shi, ɗinki a kan ɗinki, har ya yi tudu. Na hagu zanen alli ne kawai, allura a soke a gefensa da zarenta.

Ɗan ƙanen ya ce ai ta gaya masa a waya tana da aikin gaggawa na wata ƙawarta, ya ɗauka babbar mace ce.

Matar Direba ta zare allurar. Ta bi 'yar tsanar da yatsu tun daga kai har ƙafa, tana matsawa, tana neman abu mai tauri. Babu maɓalli, babu zif, babu ƙugiya. Rigar ma a jiki aka ɗinke ta. Ta zauna a kujerar tsohuwar.

"Ni na kore ta," ta ce, muryarta ƙasa. "Tana sama da mu a shekaru, na tsaya a nan na zage ta. Ko gaisuwa na hana yarinyar."

Ya buɗe baki. Ɗakin cike da mata, ɗan ƙanen na tsaye. Ya ce Allah Ya jiƙanta. Suka amsa da amin.

Ranar Asabar ba a kira yaran maƙwabta ba. Ya yi aikin rabin rana ya dawo, bai ko cire riga ba. Uwar ta zazzage tubalan a kan tabarma. Tsako ta ɗora ɗaya a kan ɗaya, ta ture, ta gwada cizon jan tubali, ya fi ƙarfin bakinta, ta bar su. Sai uwar ta miƙa hannu bayan filo ta fito da ɗayar kyautar.

Yarinyar ba ta yi ihu ba. Ta karɓa ta shinshina, ta manna ta a wuya, ta hau cinyar ubanta ta kwanta a ƙirjinsa. Daga ƙasa ana jin ƙarar jan ƙarfe, ana fitar da keken. Uwar na tattara tubala tana mayarwa a leda.

Tsako ta shafa idon zare. Ta shafa zanen alli, ya goge a yatsanta. Ta ɗago kai, kumatunta ya gogi wani abu, ta ja baya ta duba. Ta sa ɗan yatsa a kan ɗigon jan, ta danna, ta ja. Bai motsa ba.

Uwar ta ɗago, tubali ɗaya a hannunta.

"Baba," in ji Tsako, "wa ya sa maka idonta?"