Ranar da Na Raba Faɗan Kifi

Shekara goma sha tara ina aikin sasanci a kwamitin unguwarmu a birnin Suzhou na ƙasar Sin. Miji da mata suka kacame, a kira Yulan. Maƙwabta suka yi cacar baki a kan igiyar shanya, a kira Yulan. Har na fara jin babu rigimar da ba zan gane mai gaskiya a cikinta da kallo ɗaya ba. Wannan taƙamar ce ta kai ni ta baro.

Babana, Shen Deshan, tsohon ma'aikacin masaƙar siliki ne. A tsakar gidansa akwai ɗan tafki da bai fi faɗin gado biyu ba, kuma shekara talatin yana kiwon kifin zinariya a ciki. Iri guda kawai yake so: jiki fari fat, da jan tudu a tsakar ka kamar an ɗora hula. Kowace shekara sai ya zauna da cokali yana tace 'ya'yan kifi, cikin ɗaruruwa ya ajiye huɗu ko biyar. Ni kuwa ban taɓa tsayawa na kalla ba. Ni da kifi sai a faranti, da citta da albasa.

A wani hunturu ciwo ya shiga tafkin ya kwashe matan duka, sai guda ɗaya. Baba yana ce mata Mai Jar Hula. Ta tsufa, kuma ya ce da wuya ta sake yin ƙwai bayan bana. Maza biyar ne suka rage tare da ita. Wato wahalar shekara talatin duk tana cikin cikin kifi ɗaya.

Sanyi na wucewa aka kwantar da Baba a asibiti, aka yi masa aikin zuciya. Likita ya ja ni gefe ya ce kada a bari wani abu ya tayar masa da hankali. Ai ko bai faɗa ba, wa ke kai wa marar lafiya mummunan labari? Na koma gidan Baba da zama don in kula da kifayensa. Umarninsa uku ne: abinci kaɗan, kada in sauya koren ruwan tafkin komai ƙazantarsa a idona, kada in taɓa damin ciyawar da ya nutsar a kusurwa.

"Ki sa ido," ya ce. "Duk abin da kika gani ki gaya mini."

Bai faɗi abin da zan gani ba. Haka masanan nan suke, suna zaton kowa a cikin ransu yake kwana.

Rana ta uku da sassafe na ji facal-facal a tsakar gida. Na fito na tarar mazan nan biyar sun sa Mai Jar Hula a gaba. Wannan ya tunkuye ta a ciki, wancan ya matse ta da dutse, ta gudu cikin ciyawa su bi ta. Har ɓawon jikinta biyu na gani suna yawo a saman ruwa. Raina ya ɓaci. Na sha ganin irin wannan a gidajen mutane, kuma na san yadda yake ƙarewa.

"Kai, 'yan banza!" na ce. "Ku biyar a kan tsohuwa ɗaya? Ba ku da kunya?"

Na sa raga na tsamo ta, na ɗebi ruwan tafkin a babban daro, na ajiye ta a kicin inda rana ba ta shiga. Ta kwanta a ƙasan daron tana sauke numfashi. Na ce mata ta huta, ta zo hannun hukuma. Ranar har da waƙa na dama kunun shinkafar Baba.

A asibiti ko cokali bai karɓa ba ya tambaya. "Me suke yi?"

"Lafiya lau, Baba. Shiru kake ji."

"Shiru? Ba guje-guje?"

"Ko motsi. Sha kununka."

Ya sha cokali uku ya juya fuska bango. Na ce a raina zafin ɗinki ne. Washegari ya sake tambaya, na sake cewa shiru. Kwana tara muna haka, ni ina murna na tsare masa zuciya.

A rana ta goma Kawu Gong ya dawo daga wajen 'yarsa a Wuxi. Maƙwabcinmu ne, abokin darar Baba, shi ma mai kiwon kifi. Ya leƙa tafki ya ƙirga, ya ɗago.

"Ke 'yar Shen, ina macen?"

Na kai shi kicin, ina ba shi labarin yadda na ceto ta. Ya tsuguna a gaban daron. Cikinta ya kumbura gefe ɗaya, tana iyo a karkace.

"Wa ya aike ki?" ya ce.

"Kawu, kashe ta za su yi."

"Kashe ta? Ke da kike raba faɗa, ba ki san biki ba in kin gan shi? Aure kika raba, shugabar kwamiti! Wannan tunkuyin shi ke fito da ƙwan daga cikinta. Ta zuba a ciyawa, su bi su ba shi rai. Shekara guda ubanki yana jiran safiyar nan."

"To ai sai a mayar da ita."

"Kwana nawa ta yi a nan?"

Na faɗa masa. Ya dafa gwiwa ya miƙe da ƙyar. "Me tsohon naki ya ce da kika gaya masa?"

"Ban gaya masa ba. Likita ya ce..."

"Kayya, Yulan. Kayya."

Muka mayar da ita tafkin. Mazan suka zagaye ta sau biyu suka watse. Kawu Gong ya ɗauke ta a tafin hannu cikin ruwa, ya shafa cikinta a hankali da babban yatsa, amma ƙwan ya riga ya sandare a ciki. Da gari ya waye na same ta a saman ruwa, jar hular a ƙasa. Na binne ta a gindin bishiyar lemo, na zauna a wurin na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aurena ya mutu.

Bayan mako guda aka sallami Baba. A hanya na ce masa tsufa ne ya ɗauke ta, ya gyaɗa kai. Muna shiga gida ko ɗaki bai leƙa ba ya nufi tafki, yana dogara sanda. Ya sa na kawo kujera. Ya daɗe yana kallon mazan, sannan ya sa hannu ya ɗago damin ciyawar. Duk ya yamutse, gefe guda a tsinke.

"Sun kore ta," ya ce. "Dubi ciyawar. Dubi bakin wancan yadda ya goge."

Ya juyo gare ni.

"Kin cire ta."

"Na cire ta, Baba. Na zaci dukanta suke yi."

"Wannan ba komai, ba ki sani ba. Amma kullum ina tambayarki. Kalma ɗaya za ki ce, faɗa suke, in ce mayar da ita da gudu."

"Tsoro na ji kada zuciyarka..."

Na shirya wa faɗa. Da ma ya yi, da na samu sauƙi. Sai ya mayar da ciyawar ruwa, ya goge hannu a wandonsa.

"Lokacin ciwon ajalin uwarki," ya ce, "wata huɗu ina ce mata gyambon ciki ne. Kullum tana cewa in ta warke za ta je ta ga ƙanwarta a Ningbo. Da ta sani, da ta je tun tana iya tafiya." Ya dube ni. "A gidan nan kika koya. Me zan ce miki?"

A ƙarshen watan ya ba Kawu Gong mazan biyar. Kawu ya ce zai nemo mace mai kama da ita a kasuwar furanni inda ake sayar da kifin ado, Baba ya ce a bari, mai kama da ita ba ita ba ce, kuma shi ba shi da wasu shekara talatin. Ya sa na shuka bado a tafkin. Ya yi shekara biyu bayan nan, kullum da safe yana fitowa da shayinsa ya zauna a bakin ruwan da babu kifi ko ɗaya a ciki. Bai sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya, kuma har ya rasu ban iya zama kusa da shi a wurin ba.