Faifan da Yasin Ya Kawo

Mijin Mariyama, Sa'adu, a Fatakwal ya rasu. Ya tafi cin rani kamar kowace shekara, zazzaɓi ya kayar da shi, aka binne shi can. Da damina ta kusa, abokinsa Yasin ya dawo Matameye da jakarsa da wani faifan bidiyo a cikin leda.

"Taron suna ne na 'yan garinmu a can," in ji Yasin. "Wani ya ɗauka ya buga mana a faifai. Can ƙarshe aka bi mu ɗaya bayan ɗaya kowa ya gai da gida. Marigayi ya daɗe yana magana, har sunan Najaha ya kira."

Mariyama ba ta da hotonsa ko ɗaya. Najaha kuwa, 'yarsu, tana goye ya tafi. Sai da Mariyama ta fita takaba ta iya ɗaukar faifan ta shiga maƙwabta, inda akwai tele da na'urar kallo. Mata suka taru, aka saka. Na'urar ta yi gurnani, wani rubutu ya fito a kan allo shuɗi, ta turo faifan waje. Aka sake sakawa, ta sake turowa.

Ranar kasuwa ta kai wa Cha'ibu mai gyaran rediyo. Ya saka a tasa na'urar, ya karanta rubutun.

"Cewa take faifan ba na yankinmu ba ne. Masu ƙera na'urorin nan sun raba duniya kashi-kashi, kowace da nata."

"To Fatakwal ba duniyar nan take ba?"

"Faifan gida bai kamata ma ya zo da wannan kulle ba. Wanda ya buga ne bai iya ba. Zauna, Yaya."

Ya yi ta danna lambobi a telekomand, wato rimot, har na'urar ta haƙura ta haɗiye faifan. Hoto ya fito babu launi, yana ta gudu sama kamar ana jan sa da igiya. Ya shiga saitin na'urar ya sauya wani abu, hoton ya tsaya, launi ya zo. Mariyama ta dafe ƙirji.

Ga maza zaune kan tabarmi a wata rumfar kwano. Ga rago an rataye. Ta gane mutum biyu 'yan ƙauyen Dawce. Tana ta leƙen bayan kawunan mutane, ba ta gan shi ba. Aka yi addu'a, aka ci abinci, sannan mai ɗauka ya fara bin layi. Na farko ya gai da iyayensa. Na biyu ya fara magana, sai fuskarsa ta farfashe ta zama ƙananan murabba'ai, murya ta sarƙe, komai ya tsaya cak.

Cha'ibu ya ciro faifan ya ɗaga shi a haske. Daga tsakiya launinsa shuɗi-shuɗi ne, amma bakinsa ya koɗe ya yi fari.

"Rana ta ci shi. Na'ura daga ciki take fara karatu ta yi waje. Abin da ke ƙarshe, a bakin nan yake."

"A goge mana."

"Ba datti ba ne, Yaya."

Duk da haka ya goge. Ya gwada a wata na'urar, ya gwada a ta uku. Wuri ɗaya suke tsayawa, kan bakin mutumin nan a buɗe. Da zai je Zinder sayen kayan gyara ya tafi da faifan wajen masu ordinata, wato kwamfuta, su ma suka kwafe iya abin da ta riga ta gani. Yasin ya yi ta kiran Fatakwal har ya samu wanda ya ɗauki bidiyon. Mutumin ya ce ya daɗe da shafe wannan, ya ɗora bikin wasu a kai.

Cha'ibu ya ba ta sabon faifan da aka kwafo, ya kasa haɗa ido da ita.

Ta ci gaba da shiga maƙwabta in an kawo wuta. Da fari mata na zama tare da ita, daga baya suka riƙa barinta ita da Najaha. Akwai wani wuri, ana tsakar cin abinci, da wani ke dariya daga gefe, inda hoto bai kai ba. Nan take mayarwa baya, ta sake mayarwa. Ta kira Yasin ya saurara. Ya sunkuyar da kai ya ji har sau uku.

"Wallahi ba zan yi miki ƙarya ba. Zai yiwu shi ne. Zai yiwu kuma abokinmu Idi ne, tare suka zauna."

Najaha ta matsa jikin tele ta ɗora yatsa kan wani mai farar hula.

"Inna, wannan ne Baba?"

"A'a."

"Wannan fa?"

"Ba shi ba ne."

Yarinyar ta bi su duka da yatsa, har layin ya ƙare. Mariyama ta kashe na'urar, ta goya ta, suka fita.