Man Zafi a Aljihu

…sun dai ɗaga hannu a taron ƙungiya, Kawu, sun ɗaga maka. Rumfar facinka tana nan a bakin tasha, ba mai rushe ta. Kana can kwance da ciwon ƙafa, ba ka ma ji ba tukuna. Ga ni bayan ofishin ƙungiyar direbobi, kan tsohuwar taya, ina haki… ni fa, Rediyo, kwandastan da ya taɓa sayar wa fasinja kujerar direba!

Tun ban buɗe baki ba suka fara dariya. Miƙewa kawai na yi — dariya. Sun zaci tafiyar Ciyaman zan kwaikwaya. Na ƙyale su. Na yi shiru, na ƙara yin shiru, har fankar sama ta fi kowa surutu. Wa ya koya min? Ba makaranta ba dai, tun ranar da na sa wa malamin lissafi ƙadangare a aljihu muka raba gari. A ƙofar mota na koya: ka yi ihu, mutum ya wuce, ka sassauta murya, sai ya matso.

Kuma ban ce a bar rumfa ba. Sakarai ne ke farawa da abin da yake so. Na ce, hanyar shiga ta matse, ko ba haka ba? Haka ne. Ciyaman ya yi gaskiya da ya ce a buɗe ta? Ya yi. Kan da ya fara gyaɗawa, Kawu, tsayawa wuya take masa.

Sai ido. Ba a kallon taro, taro ba shi da fuska. Dogo na zaɓa, direban nan da ya fi kowa kumfar baki a kan a kore ka. Na ce, Dogo, ranar da tayarka ta fashe, matarka na naƙuda a kujerar baya, wa ya tako da famfo a kafaɗa? Wa? Ya sunkuyar da kai… kamar yadda na sunkuyar ranar da ka tsamo ni daga kwata, an yi min lilis, ka shimfiɗa min tabarma bayan injin iska, ka ce, ɗan nan, wannan bakin naka ajiye shi, yana da rana — a'a, wannan ba ya cikin shiri. Ta ina ya fito? Har na faɗe shi gaban mutane?

Abu ɗaya na roƙa, ɗan ƙarami: a ja rumfar baya, a jingina ta da katanga. Ciyaman ya samu hanyarsa, ya samu girmansa, har yana cewa dama abin da yake nufi ke nan. Alhamdu lillahi. Wayyo bayana…

Hawayen da na zubar musu kuwa, ai nan gwanintar take! Da shirina na zo: man zafi, ɗan lakuce a gefen ido, ko dutse sai ya ji tausayi. Gobe zan ba yaran tasha labari su yi ta birgima. Ga ma gwangwanin a aljihu, bari in… murfin a liƙe yake. Ledar ma ban ɓare ba.

To hawayen nan daga ina suka… Kawu?