Damastiyon ta Rimaye

Ranar Lahadi, huɗu ga Yuni, 2023, aka yi ruwan shuka a Rimaye. Daga cikin magidanta ashirin da bakwai na unguwar, ashirin da shida suka fita da sungumi. Na ƙarshensu, Hussaini, diga ya saɓa.

Wansa, Malam Mamuda, tsohon malamin tarihi, shi ya jawo. A wajen wani suna ya ba da labarin Damastiyon, garin Girkawa mai arzikin azurfa, wanda ya buga kuɗinsa a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, wanda kuma har yau masana ba su daidaita kan inda yake ba.

Hussaini ya ce, "Yaya, ba a gane shi ba ke nan?"

"Ba a gane ba. Amma a yankin Balkan, can Turai, ake neman sa."

"To ai shi ya sa. Wuri guda suke ta dubawa."

Hussaini ya tuna wasu duwatsu masu ƙyalli a gindin gonarsa, waɗanda suka sha karya masa garma. Ya ga lissafi ya fita: abin da ba a samu can ba, me zai hana ya kasance nan?

Mutane na shuka, yana haƙa. Suna noman farko, ya kai zurfin ƙugu. Zuliha, matarsa, takan kawo masa fura, ta tsaya bakin ramin.

"Maigida, sannu da Girka. In ka iske Girkawan, tambaye su ko suna da gero. Rumbu ya kusa ƙasa."

"Za ki tuka tuwo da muciyar azurfa, ki ji kunya."

Malam Mamuda ya zo da taswira, ya nuna masa Bahar Rum da Sahara a tsakani. Hussaini ya duba da kyau, ya ce taswirar ta waɗanda suka kasa gane garin ce.

Ya kai samfurin dutse ga wani maƙerin farfaru a Kankia. Mutumin ya jujjuya shi, ya ce zai yi kyau a murhu.

Ruwan Agusta ya cika ramin, ya cinye sulusin gonar. Sauran kuma ciyawa ta riga ta gada. A shekarar, da tiya Hussaini ya ciyar da gidansa.

Kududdufin na nan, ana ba awaki ruwa. Masana ba su daidaita ba har yanzu, amma duk ɗan acaɓan da ka ce wa Damastiyon a tashar Kankia, zai kai ka ba tambaya.